Abin da Ya Kamata Ma'aikatan Ɗakunan Karatu Su Fara Koya a Intanet

Ɗalibin Hausa na yau, ko a Yamai yake ko a Damagaram, ko a Garwa ko a zangon Kumasi, idan malami ya ba shi aikin nazari, wayarsa yake fara ɗaukowa kafin ya tuna da hanyar ɗakin karatu. Zai rubuta sunan littafin a Google, ya jefa tambaya a zauren WhatsApp na ƴan ajinsu, ya leƙa Facebook ko wani ya taɓa yin magana a kai. Duk abin da ya tsinta a nan, shi zai shiga takardarsa, ingantacce ne ko gurɓatacce. Sau da yawa kuwa littafin da yake nema yana nan a kan kanta a wani ɗakin karatu da bai wuce tafiyar rabin sa'a daga inda yake zaune ba, sai dai babu wata alama a wayarsa da za ta sanar da shi haka. Wannan giɓi shi ya sa koya wa ma'aikatan laburare aiki da kafofin sada zumunta da sauran kayan aikin intanet ya zama wajibi.

Kusan kowa ya yarda da wajibcin. Inda ba a cika tsayawa a yi tunani ba shi ne abin da za a koya musu, da abin da za a fara da shi. Horon da ya tsaya ga buɗe shafi da ɗora hoto asarar kuɗi da lokaci ne. Horon da ya dace shi ne wanda zai ɗauki tsofaffin ayyukan ma'aikacin laburare, wato tsara littafi yadda za a same shi, da amsa tambayar mai nema, da tsare amanar abin da aka damƙa masa, ya kai su inda masu karatu suka koma, kuma ya yi hakan cikin Hausa mai bin ƙa'ida.

Darasi daga wani tsohon shiri

Wannan magana ba yau aka fara ta ba. A shekarar 2006 wata ma'aikaciya mai suna Helene Blowers, a laburaren jama'a na birnin Charlotte da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ta tsara wa abokan aikinta wani shiri na ƙananan ayyuka 23. Kowane ma'aikaci zai bi su ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da ya samu sarari, ya gwada wata sabuwar kafa da hannunsa, sannan ya rubuta abin da ya fahimta. Shirin ya karɓu, ɗakunan karatu a ƙasashe da dama suka kwaikwaye shi. Abin koyi a cikinsa shi ne bai tara mutane a zaure ana yi musu lacca ba. Ya bar kowa ya taɓa, ya yi kuskure, ya tambayi na kusa da shi.

Akwai kuma wani darasi da lokaci ya fito da shi daga baya. Wasu daga cikin kafofin da aka koyar a wancan shiri, irin su Delicious da Technorati, sun daina aikin da aka san su da shi. Google+ ya zo bayansu, aka rufe shi a 2019. Yahoo Groups, inda mutane suka shafe shekaru suna tara muhawara da takardu, an rufe shi a ƙarshen 2020. Wanda abin da ya koya kawai shi ne inda ake dannawa a waɗannan kafofi, iliminsa ya tafi tare da su. Wanda kuwa ya koyi yadda ake yi wa abu bayani domin a same shi, da yadda ake tantance labari, ya ɗauki iliminsa ya koma wata kafar. Saboda haka duk wanda zai tsara horo a Yamai ko Maraɗi ko Zariya, ya kamata ya auna kowane darasi da tambaya guda: idan kamfanin nan ya rufe gobe, me zai rage a hannun ma'aikacin?

Shafukan da wasu ɗakunan karatu suka buɗe a kafofin sada zumunta sun isa misali. Abin da aka fi gani a ciki shi ne hoton baƙi sun kawo ziyara, da hoton taron bita, da gaisuwar sallah. Babu laifi a cikin waɗannan, amma ɗalibin da ke neman sanin ko akwai wani littafin nahawu a wurin, ko ƙarfe nawa ake buɗewa ranar Asabar, zai fita kamar yadda ya shiga. Ba ma'aikacin ne da laifi ba, abin da aka nuna masa ke nan.

Baƙaƙe masu ƙugiya da sunaye masu fuska da yawa

Darasin farko bai ma shafi Facebook ba. Ya shafi kundin bayanan littattafai, wanda a da ake rubutawa a ƙananan katuna a jera cikin akwatuna. Akwai manhajojin da ake samu kyauta domin mayar da shi cikin kwamfuta a ɗora shi a intanet. Koha, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Niyu Zilan a 1999, ta yaɗu a ɗakunan karatu na jami'o'i, PMB kuma an fi saninta a ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Koyon su bai fi ƙarfin ma'aikacin da ya iya tsara katuna ba. Wahalar da ta keɓanta da littafin Hausa tana wani wuri daban, wato wajen rubuta sunansa.

Na'ura ba ta san cewa k da ƙ ƴan gida ɗaya ba ne, sai an saita ta. A wurinta baƙaƙe biyu ne daban, kamar yadda suke daban a bakin Bahaushe mai bambanta kafa da ƙafa, ko bari da ɓari. Littafin Bello Kagara da ya fito daga gasar 1933, wani zai shigar da shi a matsayin Ganɗoki, wani Gandoki. Littafin Bature Gagare na 1982, Ƙarshen Alewa Ƙasa, yana da baƙi mai ƙugiya har sau biyu a sunansa. Idan ma'aikaci ya shigar da shi da ƙugiya, ɗalibin da wayarsa ba ta da ƙugiya zai iya nema ya rasa. Idan ya shigar da shi babu ƙugiya, ya ɓata sunan littafin, ya kuma koya wa ɗalibi kuskure. Maganin shi ne a rubuta sunan daidai a gurbinsa, a ƙara ɗaya rubutun a gurbin da aka tanada domin sauran siffofin suna, ko a saita manhajar ta riƙa haɗa su wajen bincike. Aiki ne ɗan ƙarami, amma shi ke raba littafin da ake samu da wanda ya ɓace alhali yana kan kanta.

Iyaka ma ta ƙara wa lamarin nauyi. Duk da taron Bamako na 1966 da taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980, har yanzu Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Tsofaffin takardun Faransanci suna rubuta sunan harshen da siffar da ta bambanta da ta Ingilishi, garin da Bahaushe ke kira Damagaram kuma a can Zinder ne. Haka sunayen mutane. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana da rubutu iri ɗaya a littattafan Faransanci, wani a na Ingilishi, wani a na Larabci. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya rasu a Kete Karaci ta ƙasar Gana a 1934, ana samun sa da sunan Salaga a wani wuri, da sunan Karaci a wani wuri, da laƙabin Imam Imoru a wani wurin. Ma'aikatan laburare suna da tsohuwar dabara a kan haka: a zaɓi siffa guda ta suna, a ɗaure sauran a jikinta, ta yadda duk ƙofar da mai nema ya biyo za ta kai shi ɗaki ɗaya. Wannan dabara ita ce intanet ta fi buƙata daga gare su, kuma babu wani injiniyan kwamfuta da zai yi ta a madadinsu, domin sai wanda ya san mutumin da ayyukansa.

Akwai kuma tarkon tsofaffin fayiloli. Kundayen digiri da yawa an buga su ne da wasu siffofin rubutu na musamman da aka yi amfani da su kafin tsarin Unicode ya yaɗu. A kan takarda komai daidai yake, amma da an kwafe rubutun zuwa intanet sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Wanda ya ɗora irin wannan kundi bai gyara ba, ya ɗora abin da bincike ba zai kai gare shi ba. Don haka ya kamata ranar farko ta horo ta tafi a kan sanya madannan Hausa a waya da kwamfuta, kamar wanda ke cikin Gboard, da gane bambancin baƙin gaskiya da na aro.

Amsa tambaya a inda ake yin ta

Darasi na biyu shi ne wanda kafofin sada zumunta suka fi amfani a cikinsa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya tambayi wanda ya san hanya. Lambar WhatsApp guda ta ɗakin karatu, wadda aka sanar da sa'o'in da ake amsa ta, aka kuma ɗora wa wani ma'aikaci alhakinta, ta fi shafi mai dubban mabiya da ba a kula kowa. Ɗalibin jami'ar André Salifou ta Damagaram ko ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, kafin ya kashe kuɗin mota zuwa Yamai ko ya ƙetara zuwa Kano, yana buƙatar ya san ko abin da zai je nema yana nan, da takardar da za a nema a hannunsa, da ko an yarda a ɗauki hoto. Amsar da ba ta wuce layi uku ba tana iya hutar da shi tafiyar kwana biyu. Saƙon murya kuma ya buɗe ƙofa ga wanda karatunsa na allo ne, wanda ya iya ajami bai saba da boko ba, alhali wataƙila shi ne ya fi kowa sanin darajar abin da ke cikin akwatunan.

Ya kamata amsar ta zo da Hausa ga wanda ya yi tambaya da Hausa. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan matsayi ba zai yi ma'ana ga ɗalibi ba idan ɗakin karatun da ke riƙe da littattafan harshen bai iya rubuta sanarwar layi biyar da shi ba. Kuma shafin laburare makaranta ne ko ba a yi niyya ba: yadda ya raba kalmomi, yadda ya rubuta «shi ne» da «ba ta», haka masu karatu za su ɗauka.

Amsawa ba ta tsaya ga abin da ke cikin gini ba. Akwai dukiya mai yawa a intanet da ɗalibai ba su san da ita ba, saboda ba ta zuwa a layin farko na bincike. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nan ana bincika shi kyauta. Dandalin Persée yana ɗauke da tsofaffin fitowar mujallun Faransanci na nazarin Afirka. AJOL ya tara mujallun da ake bugawa a cikin nahiyar. JSTOR, a 2006, ya yafe wa cibiyoyin ilimi na Afirka kuɗin shiga, sai dai dole cibiya ta yi rajista, wani kuma ya sanar da ɗalibai. Jami'ar Boston ta ɗora rubuce-rubucen ajami na Afirka ta Yamma, har da na Hausa. Ma'aikacin da ya san waɗannan ƙofofi, ya kuma iya nuna su da taƙaitaccen bayani, ya faɗaɗa ɗakin karatunsa ba tare da an ƙara masa bulo ko ɗaya ba.

Sai tantancewa. Littattafan Hausa da ke yawo a waya galibi an yanke musu shafin farko, babu shekara, babu maɗaba'a, wani lokaci ma babu sunan marubuci. Ana jingina wa mawaƙi baitin da bai yi ba, a jingina wa malami maganar da bai faɗa ba. Yanzu kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun shigo, waɗanda kan ƙago sunan littafi da marubuci da shekara, su jera su tsaf kamar gaske. Ɗalibin da ya kwafa bai sani ba, malamin da ke dubawa ma ba lalle ya gane ba. Wanda ke da littafin a hannu, wanda zai iya buɗe shi ya ce ga shekarar, ga bugun, ga shafin, ko ya ce wannan littafi babu shi, shi ne ma'aikacin laburare. Ƙungiyar AfLIA ta ɗakunan karatu na Afirka, mai hedikwata a Ankara ta ƙasar Gana, ta fahimci haka, shi ya sa take jan ma'aikata su shiga gangamin 1Lib1Ref, wanda aka fara a 2016, inda kowane ma'aikaci ke ƙara madogara ko da guda ɗaya a wata maƙala ta Wikipedia. Wikipedia ta Hausa tana buƙatar irin wannan hannu ƙwarai, domin ita ce wurin da ɗalibai da yawa ke fara sauka.

Amanar marubuci da ta mai karatu

Darasi na uku shi ne sanin abin da bai halatta a ɗora ba. Da zarar ma'aikaci ya iya ɗaukar hoton shafuka ya haɗa su fayil guda, za a fara roƙonsa ya turo littafi sukutum. Roƙon yana da ban tausayi, domin littattafai sun yi tsada, wasu ma sun ƙare a kasuwa. Amma littafi yana da mai shi. A dokar Nijeriya haƙƙin mallakar rubutaccen aiki yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka tsufan Magana Jari Ce bai mayar da shi kayan kowa ba, balle littattafan marubutan da ke raye, waɗanda da yawansu da kuɗin aljihunsu suka buga. Kasuwar littafin Hausa ta riga ta sha wuya a hannun masu kwafa suna rabawa. Idan ɗakin karatu ya shiga sahunsu, ya sare reshen da yake zaune a kai, domin marubucin da bai mayar da kuɗinsa ba ba zai sake bugawa ba. Abin da ya dace a koya wa ma'aikaci shi ne ya bambanta aikin da haƙƙinsa ya ƙare, da wanda mai shi ya ba da izini a rubuce, da wanda sai dai a sanar da inda yake da inda ake sayar da shi.

Rubuce-rubucen hannu suna da tasu amanar. Cibiyar binciken kimiyyar ɗan'adam ta jami'ar Abdou Moumouni, wadda aka sani da IRSH, tana riƙe da dubban takardun Larabci da ajami, waɗanda Boubou Hama ya aza harsashin tara su. Cibiyar CELHTO, ita ma a Yamai, tun 1968 take tara tarihin baka. Gidan Arewa a Kaduna, da ma'ajiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon a Gana, duk suna da irin wannan ajiya. Da yawan abin da ke irin waɗannan wurare daga gidajen malamai ya fito, wasu takardun kuma sun ƙunshi asirin magani, ko nasabar iyali, ko wasiƙun da ba a rubuta su domin idon duniya ba. Iyalin da suka ba da takardar kakansu domin a adana, ba lalle ne sun yarda a watsa ta a Facebook ba. Shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya kafa sharaɗin cewa asalin takarda ba ya barin ƙasarsa, hoto kawai ake ɗauka, a kuma bar kwafi a gida. Ɗakunan karatu na yankin sun fi kowa cancantar su tsara wa kansu ƙa'ida mai kama da wannan, su rubuta ta da Hausa yadda mai takarda zai fahimci abin da ya sa wa hannu.

Mai karatu ma yana da sirri. Abin da mutum ya ara, da abin da ya tambaya, tsakaninsa ne da ɗakin karatu. Zuba lambobin ɗalibai a babban zauren da kowa ke ganin lambar kowa, ko ɗora hoton yara suna karatu ba da sanin iyayensu ba, kuskure ne da ake yi da kyakkyawar niyya. Ɗalibai mata su suka fi shan wahalarsa, kuma wadda aka dame ta sau ɗaya ba za ta sake tambaya ba.

Kafar sada zumunta ba rumbu ba ce

Darasi na huɗu gajere ne. Shafin sada zumunta rumfar kasuwa ce da aka ba da aro, mai ita yana iya tashin mutum ko yaushe. Ana sace shafi, ana rufe shi bisa kuskure, gwamnati ma tana iya toshe kafa, kamar yadda aka dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Saboda haka duk abin da ke da daraja, kundin bayanai ne ko hotunan takardu ko muryoyin da aka naɗa, ya zauna a ma'ajiyar cibiyar, a manhaja irin DSpace ko aƙalla a faifan ajiya biyu da ba a ɗaki ɗaya suke ba. Shafin kuma a buɗe shi da sunan cibiya da adireshinta, kalmar sirri ta kasance a hannun mutum fiye da ɗaya. An sha ganin shafin ma'aikata ya mutu saboda wanda ya buɗe shi da lambarsa an yi masa canjin wurin aiki.

Hujjojin masu ja da baya

Masu shakka suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko suna cewa ɗakin karatun da ba shi da wutar kirki, rufinsa na yoyo, gara na cin littattafansa, an yi shekaru ba a sayo masa sabon littafi ba, ina shi ina maganar intanet? Gaskiya ne cewa waya ba ta gyara rufi. Amma mafi yawan abin da aka lissafa a sama bai buƙaci ɗakin kwamfutoci ba. Waya guda, da ƙaramin farantin sola, da kuɗin data na wata, sun isa a fara amsa tambayoyi da jera littattafan Hausa da ke wurin. Sharaɗin kawai shi ne kuɗin ya fito daga kasafin cibiya. Ma'aikacin da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, zalunci ne a ce ya saya wa ofis data daga aljihunsa, kuma duk shirin da aka gina a kan haka ba zai yi nisa ba. Ban da wannan, ɗakin karatun da ba a jin ɗuriyarsa shi ake fara mantawa ranar rabon kuɗi.

Na biyu suna tsoron cewa idan aka kai komai waya, kujeru za su zama wayam. Amma ɗaliban sun riga sun tafi wayar tun kafin a tambayi ra'ayin kowa. Abin da ya rage shi ne ko za su tarar da ɗakin karatu a can. Kuma yawancin abin da mai nazarin Hausa ke buƙata, tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a 1939, da kundayen digiri, da ƙananan littattafan yaƙi da jahilci, da kaset-kaset na mawaƙa, sai an zo an zauna. Sanin cewa suna nan shi ke kawo mutum.

Na uku suna cewa tsofaffin ma'aikata ba za su iya ba, a bar wa yara. Wannan ita ce hujjar da ta fi rauni. Gemu ba ya hana ilimi, kuma dattijon da ke tura saƙon murya ga ƴaƴansa kullum ya riga ya iya rabin aikin. Abin da ke kansa kuwa, wato sanin wane bugu ne ya fi inganci, da wane akwati ne ke ɗauke da takardun wane gari, ba a koyon sa a mako biyu. Da tsohuwar zuma ake magani. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a haɗa su biyu-biyu, matashi mai saurin hannu da dattijo mai sanin kaya, kowa ya koya wa ɗan'uwansa. Idan aka ware dattawa, ranar da suka yi ritaya za su tafi da kundin da ba a taɓa rubutawa ba.

Yadda horon zai kasance

Taron bita na kwana uku a otal, wanda ake rufewa da raba takardar shaida, ba ya barin komai a hannu. Abin da ke zama shi ne aiki kaɗan-kaɗan a wurin aiki, sa'a ɗaya ko biyu a mako da shugaba ya ware a cikin lokacin ofis. Kowane mako ya zo da aikin da za a gani da ido: wannan mako a shigar da littattafan Hausa 20 da sunayensu daidai, mako mai zuwa a rubuta sanarwar sa'o'in aiki da Hausa, na gaba a amsa tambayoyin da suka taru a kuma rubuta waɗanda aka kasa amsawa. A ƙarshen zango kada a ƙirga mabiya. A ƙirga littattafan da yanzu ake iya samu daga waya, da tambayoyin da suka sami amsa, da kwanakin da mai tambaya ya jira.

Sassan koyar da Hausa da ɗalibansu suna da rawar takawa. Ma'aikacin laburare ba lalle ne ya karanci ƙa'idojin rubutu ba, ɗalibin Hausa kuwa ya karanta. Malami zai iya mayar da gyaran bayanan littattafai 10 aikin aji mai maki, ɗalibai su duba ƙugiya da rabon kalmomi, wanda ya iya ajami ya karanta sunan takarda da na mai ita. Ɗalibi zai fita da sanin yadda ake kafa madogara, ɗakin karatu kuma ya sami hannun da ba shi da kuɗin ɗauka. Haka nan ɗakunan karatu na ɓangarorin iyaka za su iya musayar jerin abin da kowa ke da shi, tun da harshen ɗaya ne, masu neman ma kusan su ne dai.

Hausa tana da rubutacciyar dukiya ta ɗaruruwan shekaru a ajami, da ta fiye da ƙarni guda a boko, amma kaso mai yawa nata ba ya bayyana ga mai nema ta waya, kuma abin da bai bayyana ba, sabon ɗalibi yakan ɗauka babu shi. Mutanen da za su iya gyara wannan suna nan zaune a bayan teburan ɗakunan karatu. Abin da suke jira daga shugabanninsu shi ne lokaci a cikin mako, da kuɗin data a cikin kasafi, da horon da zai fara daga rubuta sunan littafi daidai.